Shara a Bakin Teku: A Kwashe, Amma a Ƙirga

A watan Oktoba na 2015 wani lauya a birnin Mumbai na Indiya, Afroz Shah, ya sa safar hannu ya gangara bakin tekun Versova tare da maƙwabcinsa Harbansh Mathur, dattijo mai shekara 84. Su biyu rak. Gaɓar tana da tsawon kilomita biyu da rabi, kuma a lokacin da wuya mutum ya sami inda zai taka rairayi a cikinta. Leda ce a kan leda, ga robobin ruwa, buhunan siminti, ledojin madara, warin silifas, tsummokara, duk sun cakuɗe da laka da ruɓaɓɓen abinci, a wasu wuraren tulin ya kai ƙirjin babban mutum. Wadda ta daɗe a ƙasa ma ba ta ɗaukuwa ta daɗi. Sai an durƙusa an tona da yatsu, a ja, ta yage, rabi ya fito rabi ya zauna a cikin yashi.

Duk ƙarshen mako suka dinga komawa. Shah ya bi maƙwabta yana ƙwanƙwasa ƙofa, a hankali mutane suka fara fitowa: 'yan makaranta, masunta 'yan ƙabilar Koli da ƙauyensu ke gefen gaɓar, talakawan da ke zaune a bakin rafin Malad, ma'aikatan ofis, har da taurarin fim, da yake unguwar ba ta da nisa da gidajensu. Amitabh Bachchan, wanda ba sai an gabatar da shi ga ɗan Kano ko ɗan Damagaram ba, ya ba da kyautar motar tono da tarakta. Dattijo Mathur bai ga ƙarshen aikin ba, rai ya yi halinsa tun ana tsakiya. A ƙarshen 2016 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Shah babbar lambar yabonta, ta kuma kira abin da ake yi a Versova aikin share bakin teku mafi girma a duniya. Zuwa watan Mayu na 2017, bayan mako 85, an kwashe shara fiye da kilo miliyan 5. A watan Maris na 2018 aka ga 'ya'yan kunkurun teku kimanin 80 sun ƙyanƙyashe a gaɓar suna rarrafe zuwa ruwa, abin da aka yi wajen shekara 20 ba a gani ba a wurin.

Nan yawancin masu ba da labarin suke tsayawa, kuma ba a ga laifinsu ba, wurin tsayawa ne mai daɗi. Sai dai suna tsallake watan Nuwamba na 2017. A wannan watan, bayan mako 109, Shah ya fito ya ce ya haƙura. Dalilansa biyu ne: 'yan iskan gari suna zagin masu aikin sa-kai suna tsangwamarsu, sannan sharar da aka sha wahala aka tara ta yi watanni jibge a gefe, motocin hukumar birni ba su zo sun ɗauka ba. Sai da babban ministan jihar Maharashtra na lokacin, Devendra Fadnavis, ya sa baki aka koma aiki. Kuma ko da aka koma, kowace damina ruwa yana sake amayo sabuwar leda a gaɓar, domin rafin Malad da lambatun da ke kwarara cikinsa ba su daina ɗauko ta daga cikin gari ba. Shi kansa Shah ya gane haka. A 2018 ya faɗaɗa aikinsa zuwa kogin Mithi, wanda ke ratsa birnin yana kwasar ƙazantarsa zuwa teku.

A yi lissafi. A 2015 mujallar Science ta buga binciken da Jenna Jambeck ta Jami'ar Jojiya a Amurka ta jagoranta, wanda ya kiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai robar da ta shiga teku daga ƙasashe 192 masu gaɓa ta kai tsakanin tan miliyan 4.8 da miliyan 12.7. A ɗauki tsakiya, a ce miliyan 8. Wannan na nufin kusan tan dubu 22 a kowace rana. Tan dubu 5 ɗin da mutanen Versova suka kwashe a mako 85, ko da a ce dukansa roba ce babu yashi babu tsumma, duniya tana mayar da kwatankwacinsa cikin teku a ƙasa da awa shida.

Abin da ya dawo gaɓa ma shi ne mai sauƙin. Robar da ta daɗe a rana da ruwan gishiri ba ruɓewa take yi ba, farfashewa take yi, ta zama ɓarɓashi ƙanana da ba a iya tsinta da hannu, kifi ya haɗiya, tsuntsu ya ciyar da 'ya'yansa. Wata kuma nitsewa take yi, wata ta ci gaba da yawo a tsakiyar teku. Tsakanin Hawai da Kalifoniya akwai wani yanki na tekun Pasifik da igiyar ruwa ke tattara shara, wanda binciken 2018 ya kiyasta faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.6, wato ya fi Najeriya gaba ɗaya da nisa. Kusan rabin nauyin abin da ke yawo a wurin komar kamun kifi ce da jiragen masunta suka yar ko ta ɓace musu. Babu ɗan sa-kai da zai je can da buhu ranar Asabar. Tsibirin Henderson kuwa, a kudancin Pasifik, babu ko mutum ɗaya da ke zaune a cikinsa, amma masu bincike sun kiyasta guntayen shara kusan miliyan 38 a gaɓarsa a 2017.

Saboda haka akwai masu ganin cewa share bakin teku ɗibar ruwa ne da rariya. Wasunsu ma sun fi haka zafi, suna cewa aikin yana yi wa masu ƙera robar amfani fiye da yadda yake yi wa teku, kuma suna da tarihin da za su nuna. A 1953 jihar Vermont ta Amurka ta hana sayar da giya a kwalbar da ba a mayarwa, domin manoma sun gaji da fasassun kwalabe a gonakinsu. A wannan shekarar ce manyan kamfanonin gwangwani da kwalba da na abin sha suka kafa ƙungiyar Keep America Beautiful, wadda ta duƙufa wajen wayar da kan jama'a su daina yar da shara. A 1971 ta fitar da wata talla da ta yi suna ƙwarai: wani mutum cikin shigar 'yan asalin Amurka yana tuƙa kwalekwale a ruwa mai datti, aka jefo masa shara daga mota, hawaye ya gangaro masa. Saƙon a fili yake: laifin na mai yarwa ne. Wanda ya yanke shawarar daina karɓar kwalba, ya koma zuba kayansa a mazubin da ake amfani da shi sau ɗaya a jefar, ba a ambace shi ba. Har yau ana ganin wannan salon. Kamfani ya raba riguna da huluna masu tambarinsa, a fita bakin ruwa a tsinci robobin da shi ya ƙera, a ɗauki hoto, a watsa a Facebook, Litinin injinansa su ci gaba da aiki kamar yadda suka saba.

Wannan suka tana da gaskiya a cikinta, amma ba ta kai ta kashe maganar ba. Abin da ta manta shi ne yadda aka fara wannan aiki tun asali, da abin da aka riƙa a hannu ban da buhu.

A watan Satumba na 1986 wata mata mai suna Linda Maraniss, ma'aikaciyar ƙungiyar da yanzu ake kira Ocean Conservancy, ta shirya gangamin share gaɓar jihar Texas. Mutum kimanin 2,800 suka fito, suka kwashe tan 124 na shara. Abokiyar aikinta Kathy O'Hara ta dage a kan wani abu da a lokacin wasu za su ɗauka ɓata lokaci ne: kowane rukuni a ba shi kati da fensir, duk abin da aka tsinta a rubuta irinsa. Murfin kwalba kaza, guntun igiya kaza, leda kaza. Wannan gangamin shi ne ya zama na duniya baki ɗaya, ana yinsa kowane Satumba a ƙasashe fiye da ɗari, kuma katin yana nan. Daga gare shi aka san cewa shekara da shekaru abin da aka fi tsinta a gaɓar tekun duniya shi ne guntun taba sigari, wanda matatarsa roba ce ba auduga ba, kafin ledar alewa da biskit da makamantansu ta sha gabansa a ƙidayar 2019.

Ƙidaya irin wannan ita ce ke shiga zauren majalisa. Lokacin da Tarayyar Turai ta zo yin dokar robar da ake amfani da ita sau ɗaya a 2019, ba ta bi ra'ayin kowa ba, ta ɗauko jerin abubuwa goma da aka fi samu a gaɓar tekunanta ta gina dokar a kansu. Daga watan Yuli na 2021 aka hana sayar da cokali da faranti na roba, da tsinken zuƙar lemo, da tsinken goge kunne mai sandar roba. Daga Yuli na 2024 kuma dole murfin robar lemo ya zama maƙale da jikinta, don masu tsinta sun nuna cewa murfi shi kaɗai yana cikin abubuwan da suka fi yawa. A Ingila an sa kuɗi kaɗan, fenni 5, a kan kowace ledar manyan kantuna a watan Oktoba na 2015, bayan Wales da Ireland ta Arewa da Scotland sun riga sun yi. Wa ya tabbatar da cewa dokar ta yi aiki? 'Yan sa-kan ƙungiyar Marine Conservation Society, waɗanda ke auna mita 100 na gaɓa su ƙirga duk abin da ke ciki. A 2014 suna samun leda biyar a kowace mita 100, a 2023 ɗaya. Ba don sun yi shekaru suna rubutawa tun kafin dokar ba, da babu abin da za a gwada da shi, kuma da masu adawa da ita sun ce ba ta tsinana komai ba.

Tun daga 2018 wata gamayyar ƙungiyoyi mai suna Break Free From Plastic ta ƙara mataki ɗaya. Ba irin shara kaɗai ake rubutawa ba, har da sunan da ke jikinta. Ana zazzage buhun a kan tabarma, a ware, a goge laka da babban yatsa a karanta tambari. Shekara shida a jere Coca-Cola ce ta zo ta ɗaya. A 2024 masana suka tattara wannan ƙidaya daga ƙasashe 84 suka buga a mujallar Science Advances. Kusan rabin abin da aka tsinta babu suna a jikinsa, ko dai ya goge ko dama ba a sa ba. A cikin mai suna kuwa, kamfanoni 56 kacal ke da fiye da rabi: Coca-Cola kashi 11 cikin ɗari, PepsiCo kashi 5, Nestlé da Danone kashi 3 kowanne. Binciken ya kuma nuna cewa yawan robar da kamfani ke fitarwa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan shararsa da ake tsinta. Wannan ya raunana hujjar da aka daɗe ana fakewa da ita, cewa matsalar tarbiyyar masu saye ce kawai.

Ga mai wannan shafi, a nan darajar aikin take. Gangamin da aka kwashe shara aka watse ba a rubuta komai ba ya gyara wuri na mako biyu ko uku, kuma wannan ma alheri ne, musamman ga masunci da yaron da ke wasa a wurin. Amma gangamin da ya fito da lissafi ya bar abin da za a iya ajiyewa a gaban kwamishina ko ɗan majalisa ko alƙali. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsu littafi ne da biro da sikeli.

Mai karatu a Zariya ko Sakkwato na iya cewa ina ruwansa da teku, shi da bai taɓa ganinta ba sai a talabijin. Taswira ba ta yarda da shi ba. Ruwan da ya bi kwatar Zariya yana faɗawa Galma, Galma ta kai shi kogin Kaduna, Kaduna ta juye a Kwara. Na Sakkwato da Birnin Kebbi yana bin gulbin Rima da na Sakkwato zuwa Kwara. Na Yamai da Gaya a kan kogin ma suke. Na Garwa da Yola yana bin Binuwai ya haɗu da Kwara a Lakwaja, daga nan sai Atlantika. Kano ce dai hanyarta daban, ruwan Jakara da Challawa gabas yake yi, ta Haɗeja da fadamun Nguru zuwa tafkin Chadi, don haka ledar Kano a kan makiyaya da masuntan wannan yanki take ƙarewa. A 2017 wasu masana a Jamus suka lissafa koguna goma da suka ce su ne ke ɗaukar mafi yawan robar da koguna ke kai wa teku. Takwas a Asiya suke, biyu a Afirka: Nilu da Kwara.

An yi ta yayata wannan jeri, amma bai daɗe ba aka gyara shi, kuma gyaran ya fi shi amfani. Binciken 2021 ya nuna cewa robar da ta faɗa babban kogi can nesa da teku sau da yawa ba ta isa: tana maƙalewa a ciyayi, a gaɓa, a bayan madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Waɗanda suka fi zuba wa teku su ne ƙananan koguna da ke ratsa manyan biranen gaɓa, fiye da dubu ɗaya, kuma na farkonsu shi ne Pasig na birnin Manila. A Afirka ta Yamma misalin da ya fi kusa shi ne Odaw na birnin Accra, wanda babbar kwatar Nima ke cikin masu ciyar da shi kafin ya shiga tafkin Korle ya fita teku. Duk Bahaushen Nima ko Mamobi ya san kamannin wannan kwata bayan ruwan farko. Ya kuma san daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu, kuma toshewar magudanan ruwa da shara na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Mumbai ta ga irin wannan a ranar 26 ga Yuli, 2005. Bangladesh kuwa ambaliya ce ta sa ta zama ƙasa ta farko da ta hana siririyar leda a 2002.

Ke nan robar da ba ta kai teku ba, ba ɓacewa ta yi ba. Tana nan a kwalbati tana jiran damina, ko a gona ta hana shuka yin saiwa, ko a cikin dabba. A tambayi mahauci a kowace kwata ta arewa abin da yake tararwa idan ya farke tumbin saniyar da ta yi kiwo a bola: dunƙulen baƙar leda, murɗaɗɗe, mai tauri, wani lokaci sai an sa hannu biyu a ɗaga. Dabbar tana ci amma tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani. Sauran kuma wuta ake cinna mata da magariba, unguwa ta turnuƙe da hayaƙi. Binciken Jami'ar Leeds da mujallar Nature ta buga a 2024 ya kiyasta cewa duniya na sakin tan miliyan 52 na roba cikin muhalli a shekara, fiye da rabi ta hanyar ƙonawa a fili. Indiya ce ta ɗaya da tan miliyan 9.3, Najeriya ta biyu da miliyan 3.5. Babban dalilin da masanan suka bayar shi ne ɗimbin mutanen da babu mai zuwa ƙofarsu ya karɓi shara.

Aikin gayya kuwa ba baƙo ba ne a nan, kuma tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata tana nan a jihohi da dama tun zamanin Buhari da Idiagbon. Matasan unguwa suna fitowa da shebur da manjagara da baro, su shiga kwata har gwiwa, su yaso baƙar laka da leda su tara a bakin titi. Daga nan fa? Sau da yawa tulin yana nan har ya bushe, awaki su tona, mota ta bi ta kai, ruwan sama na gaba ya mayar da shi inda aka ciro shi. Abin da ya sa lauyan Mumbai ya ce ya haƙura ke nan, ba ragi ba ƙari. Ɗan sa-kai yana iya tarawa, amma ba shi da tifa, ba shi da filin zubarwa, kuma bai kamata a ce shi zai nemo su ba. A Estoniya, inda mutum 50,000 suka fito ranar 3 ga Mayu, 2008 suka kwashe kusan tan dubu 10 cikin awa biyar, sai da aka fara zagaya ƙasar aka sa kowane juji a taswira, aka shirya motoci da wuraren kaiwa, sannan aka kira jama'a. Daga wannan yunƙuri ne Ranar Tsaftace Duniya ta samo asali, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar wa 20 ga Satumba.

To, idan an ƙirga, me za a nema da lissafin? Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne a hana. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a watan Agusta na 2017 da hukunci mai tsanani, kuma duk wanda ya je Kigali ya ga bambanci. Legas ta hana farar robar zuba abinci mai kama da soso a watan Janairu na 2024. Amma doka a takarda daban, kasuwa daban. Nijar tana da dokar hana leda tun 2014, kuma mai sayen tumatir a Maraɗi bai fasa karɓar kayansa a cikinta ba. Akwai kuma abin da ba ya hanuwa da sanarwa. Ruwan leda, fiya-wata, yana cikin abin da ya fi cika kwatocin Najeriya da Ghana, amma ya samu kasuwa ne domin famfo ba ya kawo ruwa. Gwamnatin da ta hana shi ba ta gyara famfo ba, talaka ta hukunta, kuma ba za a bi dokar ba.

Hanyar da ta fi nuna sakamako ita ce a sa wa abin daraja. A Jamus tun 2003 duk robar lemo ko gwangwanin da ake sha a yar akwai ajiyar kuɗi a kansa, yanzu santi 25, wanda ake mayar wa mutum idan ya dawo da shi kanti. Fiye da kashi 95 cikin ɗari suna dawowa. Wannan ba dabarar Turawa ba ce da za a ce ba ta dace da nan ba. Duk wanda ya girma kafin robar lemo ta mamaye kasuwa ya san cewa mai kanti ba ya barin kwalba ta fita sai an ajiye kuɗinta ko an kawo wata, kuma babbar mota tana zuwa ta kwashe akwatunan fanko ta mayar kamfani a wanke a sake cikawa. Ba a ganin kwalbar lemo a kwata a lokacin, ba kuma don mutanen da sun fi na yanzu tsafta ba. Kamfanoni ne suka ga cewa roba ta fi musu arha, ba ta fashewa, ba sai an dawo da ita ba, suka sauke wa unguwa nauyin da a da yake wuyansu.

'Yan bola jari suna tabbatar da wannan kullum. Ƙarfe ba ya kwana a bola. Gwangwanin alminiyam ba ya kwana. Robar ruwa mai kyau ma tana da masu nema, masu kunun aya da zoɓo suna saye, masu niƙawa suna saye a kilo. Abin da ke zama shi ne wanda babu mai saye: baƙar leda, ledar biskit da ta taliyar yara da ta garin sabulu mai ƙyalli a ciki, waɗanda aka haɗa da roba da alminiyam ta yadda raba su ya fi ƙarfin mai ƙaramin inji. Ledar fiya-wata tana sake sarrafuwa, amma ba ta da nauyi, sai mutum ya tara ɗaruruwa kafin ya haɗa kilo guda, wahalar ta fi kuɗin. Waɗannan yara da ake kora daga unguwanni ana kiransu ɓarayi, su ne ke yin mafi yawan aikin da ake yi na raba shara a biranen arewa, ba safar hannu, ba takalmin kirki. A duniya ma, duk da shekarun da aka yi ana buga alamar kibiya uku a gindin kowace roba, abin da ake sake sarrafawa bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba, yayin da robar da ake ƙerawa ta ninka daga tan miliyan 234 a 2000 zuwa miliyan 460 a 2019, bisa ƙididdigar ƙungiyar OECD.

Daga sama dai kada a sa rai da wuri. A watan Maris na 2022 ƙasashe 175 suka amince a Nairobi cewa za a rubuta yarjejeniyar duniya a kan roba kafin ƙarshen 2024. An zauna a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 aka tashi babu matsaya, aka sake zama a Geneva a watan Agusta na 2025 aka tashi haka nan. Abin da ya raba su shi ne ko za a taƙaita yawan robar da ake ƙerawa. Ƙasashe fiye da ɗari sun ce a taƙaita, ƙasashe masu arzikin mai irin su Saudiyya da Rasha da Iran suka ce a tsaya a kan sarrafa shara kawai. Roba daga mai da iskar gas ake yinta, kuma masu haƙo su suna kallonta a matsayin kasuwar gobe idan motoci suka koma lantarki.

Najeriya tana da tsarin da ya ce mai ƙera kaya shi ke da alhakin mazubinsa bayan an yi amfani da shi, hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2014, kuma manyan kamfanonin abinci da abin sha sun kafa ƙungiyar tattara robobinsu a 2018. Mafi yawan abin da ake gani na wannan aiki a Legas yake. Ƙungiyar matasan da ta yashe kwata a Tudun Wada ko Unguwar Rimi, ta ware abin da ta ciro, ta rubuta cewa cikin buhu ashirin kaza ledar ruwa ce, kaza robar lemo, ga sunayen da ke jiki, ta maimaita wata bayan wata a wuri guda, tana da abin da za ta kai ofishin hukumar da majalisar jiha ta tambayi dalilin da ya sa babu wurin karɓar roba ko ɗaya a ƙaramar hukumarta. Yawancin masu buga ruwan leda ma ba a Amurka ko Turai suke ba. Adireshinsu da lambar rajistarsu ta NAFDAC suna buge a jikin kowace leda, kuma da yawansu ba su wuce tafiyar Keke Napep daga kwatar da aka tsinto ta ba.